Melisa a tsakar gidan Kano: me ya kashe ta da bazara, kuma yaya ake shan ta?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a Turkiyya ya kawo mini irin wani ganye da suke kira melisa, ya ce ana shan shayinsa don a samu barci. Na shuka a watan Fabrairu cikin baƙar leda a tsakar gida, a nan Kano. Kaɗan ne suka fito. Waɗanda suka fito ɗin sun yi kyau na ɗan lokaci, amma Afrilu na shigowa sai gefen ganyen ya soye, suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya, alhali safe da yamma nake ba su ruwa. Ƙasarmu ce ba ta karɓarsa, ko ni ce ban iya ba? Ina da sauran iri. Sannan da gaske ne yana maganin rashin barci? Na kuma ji an ce yana korar sauro."

Wa alaikumus salam Hajiya. Idan na fahimce ki, kina son sanin abin da ya kashe shukar, ko akwai amfanin sake gwadawa da sauran irin, da kuma ko ganyen ya kai yadda ake zuzuta shi. To ki kwantar da hankalinki game da hannunki. Wanda duk ya shuka melisa a Kano a watan Fabrairu, cikin baƙar leda, a filin tsakar gida, abin da ya same ki shi zai same shi, ko da kuwa a lambu aka yanke masa cibiya. Matsalar ta lokaci ce, sai kuma wurin da aka ajiye ta.

Mu fara tabbatar da cewa magana ɗaya muke yi

Sunan melisa yana da ruɗani, musamman tunda daga Turkiyya irin ya fito. Tsiron da ake nufi shi ne wanda masana suka sa wa suna Melissa officinalis tun 1753, Turawan Ingila na ce masa lemon bam, Larabawa na ce masa turunjan ko malisa. Dangin na'a-na'a ne da ɗoɗɗoya. Idan kika murza karansa tsakanin yatsu za ki ji yana da kusurwa huɗu, ganyensa na fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, gefensu kamar haƙoran zarto, fuskarsu a yamutse da ɗan gashi-gashi. Ki murje ganye ɗaya, ƙamshin ɓawon lemun tsami zai tashi, mai sanyi, ba mai hawa kai ba.

A kasuwannin Turkiyya akwai wani ganye daban mai dogayen ganye sirara da shi ma ake sayarwa da sunan melisa, wanda mutanen Maroko ke kira luwiza. Wannan asalinsa Kudancin Amurka ne, shi ma ana shan shayinsa, ba laifi. Wanda nake ja miki kunne a kai shi ne na uku, wani furen ado mai tashin ƙamshi da dare wanda can ma wasu ke ce masa melisa. Shi wannan yana da guba, ba a sha. Don haka ki duba takardar irin. Idan kin ga Melissa officinalis, ko sunan Turkanci oğul otu, to shi ne. Kuma duk waɗannan daban suke da ciyawar lemo, wato lemon giras da muke jefawa a tukunyar shayi, duk da cewa sinadarin sitral da ke ba ta ƙamshi shi ne ke ba melisa da luwiza nasu.

Sunan da kansa kalmar Girkanci ce mai nufin ƙudan zuma, saboda yadda zuma ke rububin ƙananan fararen furanninta. Tun zamanin Rumawa masu kiwon zuma ke goga ganyen a cikin amya don zuma ta shiga ta zauna, kamar dai yadda namu ke turara amya kafin su ɗora ta a bishiya. Daga baya bincike ya nuna cewa akwai sitral a cikin ƙamshin da ƙudan zuma ke fitarwa don kiran 'yan'uwansu gida, ashe ba camfi ba ne.

Abin da ya kashe ta

Gidan melisa na asali shi ne kudancin Turai, da ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, zuwa Iran da tsakiyar Asiya. A can ma ba a tsakiyar fili take son zama ba, an fi samun ta a bakin daji, gindin shinge, gefen rafi, inda akwai danshi da 'yar inuwa. Tana jin daɗi idan zafi yana wajen digiri ashirin da 'yan kai. Da sanyin ƙanƙara ya zo sai samanta ya mutu, saiwar ta kwanta a ƙasa, ta sake tohowa idan gari ya yi ɗumi. Saboda haka duk takardar iri da aka buga a Turai ko Turkiyya za ta ce a shuka a ƙarshen sanyi, wajen Maris ko Afrilu, don ta girma a watanninsu na ɗumi. Kin bi wannan lissafin kusan daidai, sai dai lissafin nasu ne. Abin da suke kira ɗumi shi ne hunturunmu. Abin da ke zuwa bayan Fabrairu a Kano kuwa, rana ce da ke kai digiri 40 a Afrilu, ga iska busasshiya.

Ganyen melisa mai faɗi ne, ba shi da kaurin da zai riƙe ruwa, saiwarta kuma ba ta nutsawa can ƙasa. Da tsakar ranar bazara ganyen na zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa, ko da ƙasar a jiƙe take. Shi ya sa gefen ganye ke fara soyewa, don nan ne ƙarshen inda ruwa ke isa. Sai kuma baƙar leda. Ki taɓa gefenta da ƙarfe biyu na rana ki ji. Saiwar da ke manne da ledar dafuwa take yi, kuma saiwar da ta dafu ba ta shan ruwa. Daga nan mai shuka ya ga ganye ya yi yaushi, ya ƙara ruwa, ruwan ya kwanta cikin ƙasa mai zafi, sauran saiwar ta ruɓe. Na fi zaton haka aka yi da taki, ko da yake ban ga ledar da idona ba. Idan tsakar gidan siminti ne ko tayil, to zafin ya zama biyu, na sama da na ƙasa.

Akwai kuma wasu mitsi-mitsin ƙwari jajaye, dangin gizo-gizo, da ke samun sarari idan iska ta bushe. Suna zama a bayan ganye suna tsotsa, sai ki ga fuskar ganyen ta yi ɗigo-ɗigo fari kamar an barbaɗa gari, wani lokaci da 'yar yana. Su ne suka cinye mini melisar farko da na rena a Zariya, ina can ina zargin taki.

Rashin fitowar irin da yawa shi ma yana da dalili. Ƙwayar melisa ƙanƙanuwa ce, kuma tana buƙatar haske kafin ta tsiro. Mu kuwa mun saba tona rami mu binne. Idan kin rufe ta da ƙasa kamar yadda ake yi wa kuɓewa ko yakuwa, waɗanda suka fito su ne 'yan tsirarun da suka tsaya a sama.

Yadda za ki yi da sauran irin

Ki ɗauki melisa a matsayin kayan lambun rani, sahun latas da karas da kabeji. Lokacin shukarta a Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, idan ruwa ya ɗauke, dare ya fara sanyi. Ta haka za ta samu wata huɗu na yanayin da take so, ta yi saiwa ta yi gindi kafin bazara ta iso. Tsiron da ya shiga Afrilu da wata biyar a duniya ba ɗaya yake da ɗan sati shida ba. Kafin lokacin, ki sa irin a kwalba mai murfi, ki ajiye a wuri mafi sanyi a gidan. In da firji, can ya fi, sanyin ma yana taimaka masa wajen tsirowa. Kada dai a bar shi a kan taga ko a kicin.

Wajen reno, ki samu kasko ko tsohuwar roba mai faɗi da aka huda gindinta. Ki cika da ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, ki jiƙa ta tukuna, sannan ki barbaɗa irin a sama ki danna da tafin hannu. Kada ki rufe. Ban ruwa da abin feshi za ki yi, ko ki tsoma gindin kaskon a ruwa ya sha daga ƙasa, don buta za ta wanke irin zuwa gefe guda. Ki ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka. Cikin sati ɗaya zuwa biyu za su fara leƙowa, wasu har sati uku, kuma farkon girmansu akwai nawa, kada ki karaya. Ki kifa tsohon gidan sauro a kai, don ƙadangaru da kaji ba sa barin ɗanyen tsiro. Kuma kada ki zuba irin duka a karo ɗaya, ki raba shi biyu ko uku, tsakani da kwana goma.

Idan suka yi ganye huɗu zuwa shida sai dashe, da yamma. Nan ne zan nace miki a kan tukunyar ƙasa. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi, shi ne zai sa saiwar melisa ta yi sanyi: jikin tukunyar na tsattsafo da ruwa, iska na kwashewa tare da zafin. Ki samu mai zurfin kamar taƙi ɗaya da rabi, a huda gindinta da kyau, tsiro ɗaya a tukunya ɗaya. Ƙasar kuwa, ni nakan haɗa kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai har ya daina wari, da kashi ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka. Ɗanyen kashin kaji zai ƙone ta. Takin zamani kuma ba ta buƙatarsa da yawa, idan ya yi yawa sai ta yi manyan ganye masu kyan gani marasa ƙamshi, ke kuma ƙamshin kike nema. Idan a fangali za ki dasa, ki bar kamar taƙi biyu tsakanin tsiro da tsiro.

Da hunturu ranar safe zuwa hantsi ta ishe ta, gefen gabas na ɗaki ya fi ko'ina. Ruwa kuma ba a ƙa'idar safe da yamma yake ba. Ki tura yatsa cikin ƙasar, idan gaɓar farko ta fito a bushe ki ba ta har ya ɗiga ta ƙasa, idan da danshi ki ƙyale ta. Duk bayan 'yan kwanaki ki wanke mata ƙurar hunturu, har bayan ganyen, wannan kaɗai yana rage jajayen ƙwarin nan sosai. Idan sun riga sun kama, ruwan sabulu mai tsarki marar ƙarfi, ko ruwan dakakken ƙwallon darbejiya da aka jiƙa ya kwana aka tace, a fesa da yamma. Maganin feshi na gona kuwa kada ya kusance ta, ganyen da za a sha ne. Tsiron na kai taƙi ɗaya ki tsinke kansa, zai fito da rassa biyu a wurin, haka za ki yi ta yi har ta cika tukunya.

Tsallake bazara da damina

Nan ne gwanintar take. Daga tsakiyar Maris ki yi babban yanka, ki bar kamar yatsu huɗu daga ƙasa da 'yan ganye. Ganye kaɗan, asarar ruwa kaɗan. Ki mayar da tukunyar inuwa mai haske, gindin darbejiya ko mangwaro, ko ƙarƙashin rumfar zana, kusa da inda randa take idan da hali. Ki ɗaga ta daga kan siminti, ki rufe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa, amma ki riƙa dubawa saboda gara. Dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, wadda ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki a nan ma: ki sa tukunyar shukar cikin wata babba, ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Sai dai ita ma babbar a huda gindinta, in ba haka ba kin yi wa saiwar tafki. A watannin nan kada ki sa ran girbi, kada kuma ki sa taki. Numfashi kawai ake so ta riƙa yi har ruwa ya sauka.

Da damina za ta farfaɗo, amma a Agusta ruwa ne abokin gaba. Ki sa ta inda ruwan indararo ba ya zuba, ki rage cunkoson rassa don iska ta ratsa, ki cire duk ganyen da ya yi baƙin tabo ko farin gari.

Duk da wannan hidima, wata shekarar za ta mutu. Ni ma tana mutu mini. Abin da ke cetona shi ne ban taɓa barin ta a tukunya ɗaya ba. Melisa na kamawa daga reshe cikin sauƙi: ki yanki ɗanyen reshe mai tsawon yatsa, ƙasa da gaɓa kaɗan, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa a inuwa kina canja ruwan, cikin sati biyu za ki ga fararen saiwoyi. Ko kuma idan gindin ya yi faɗi ki fasa shi biyu da wuƙa ki raba. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu fiye da Turai, don a can dogon yinin lokacin zafi, mai kai awa 15 ko 16, shi ke sa ta fure ta zubar da iri har ta zame wa masu lambu ciyawa. A Kano yini ba ya kai awa 13 ko a Yuni, kuma ni dai tawa ba ta taɓa ba ni irin da zan ajiye ba. Ki ba maƙwabciya reshe ɗaya, ranar da taki ta tafi kin san inda za ki nema.

Masu karatu da ke Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ko tsaunin Mambila da ya fi haka, su wannan dogon bayanin bai shafe su sosai ba. Su dasa a ƙasa, su kula da magudanar ruwa, shi ke nan.

Girbi da sha

Ki tsinka da safe bayan raɓa ta bushe. Ɗanyen ganye ya fi busasshe nesa ba kusa ba, don man ƙamshin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai kuma saurin tashi gare shi. Ƙarancin nan ne ya sa man melisa na gaskiya ke da tsadar gaske, kuma yawancin na arha da ake sayarwa a 'yan kwalabe haɗi ne da man ciyawar lemo. Idan za ki busar, a ɗaki za ki shanya a kan faifai, ki lulluɓa da ƙyalle marar kauri saboda ƙura, kada ki cakuɗa shi da hannu don yana baƙi inda ya murzu. Ya bushe ki zuba a kwalba, ki shanye cikin 'yan watanni.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne dafa ta yadda muke dafa shayin citta da kanumfari, a bar shi yana ta ɓararraka. Melisa ba ta son haka, ƙamshin zai bi tururi ya bar miki ruwan ganye. Ki sauke tafasasshen ruwa, ki zuba a kan ganyen, ki rufe kofin minti biyar zuwa goma, ki tace. Ɗanye, cikin tafin hannu ɗaya ya isa kofi. Da zuma ta fi daɗi. A zoɓo ma sai an sauke ake jefa ta, kuma ina son ta a yayyanke kan kankana ko gasasshen kifi, ko cikin kindirmo mai sanyi.

Batun barci da sauro

Sunan da ta yi tsoho ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambace ta da sunan badaranjabuya cikin magungunan da ke faranta zuciya. A yau Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ganyen a matsayin maganin gargajiya na 'yar damuwa marar tsanani, da taimakon barci, da kumburin ciki da iska, a kan giram 1.5 zuwa 4.5 na busasshen ganye cikin ruwa mililita 150, sau ɗaya zuwa uku a yini. Ki lura, dogon tarihin amfani da shi ne hujjar hukumar. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, da yawansu kuma an haɗa melisa da wani tsiro mai suna baleriyan. A nawa ganin, tana kwantar da jiki kaɗan, kuma kofinta da dare ya fi kofin baƙin shayi ko kofi da ke ƙara buɗe ido. Amma rashin barcin da ya wuce sati biyu, ko mai zuwa da faɗuwar gaba, ciwon kai, yawan fitsarin dare ko baƙin ciki, na asibiti ne. Ni mai lambu ne, iyakata ke nan.

Hukumar ba ta ba da shawarar a ba yaran da ba su kai shekara 12 ba, haka mai ciki da mai shayarwa. Mai shan maganin barci ko na kwantar da hankali, da mai matsalar maƙoƙo ko wani ciwon tayirod, su tambayi likita tukuna, don gwajin ɗakin bincike ya nuna ganyen na iya taɓa aikin wannan ƙwayar ta maƙogwaro. Wanda ya sha ya ji jikinsa ya mutu kada ya kama tuƙi. Sannan idan wani ya kawo miki ruwan melisa na kwalba daga Turai, ki karanta jikinsa. Shahararrun biyu, na Faransa da ake dangantawa da 'yan zuhudun Karmel na birnin Faris tun 1611, da Klosterfrau Melissengeist na Jamus, a cikin barasa ake haɗa su, na Jamus ɗin kashi 79 cikin 100 ne.

Sauro kuwa, akwai sinadarin sitronelal a ganyen, kuma idan an murje an shafa yana iya kore shi na ɗan lokaci kaɗan. Tukunyar da ke ajiye a bakin ƙofa ba ta korar komai, inuwarta da danshinta ma maɓoya ce. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro.

Idan ƙamshin lemo kawai kike so a shayi, ki dasa ciyawar lemo a bakin rariya, ita rana ba ta dame ta ba, kuma za ta riƙe ki daga Maris zuwa Yuni lokacin da melisa ke kwance. Ita melisar, ki jira Oktoba ta kusa ƙarewa. Kafin nan ki aika a sayo tukwane uku, a huda su, ki kuma ɗauki ƙwaya goma ki shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen ƙyalle cikin faranti a wuri mai haske da sanyi. Idan bayan sati uku ko ƙwaya uku ba su fashe ba, irin ya gaji, sai ki sa yaron ya taho da sabo idan zai zo hutu.